Harajin Matattun Fankoki

A layin masu gyara babu wanda ya riƙe ainihin sunansa. Ka ce kana neman Sai-Jibi, ko mai shayin bakin titi zai nuna maka da haɓa: shagon tsakiya, tsakanin tela da mai walda, wanda ƙofarsa ba ta buɗuwa duka saboda tarkacen da ke bayanta. Kayan lantarki yake gyarawa, fanka, rediyo, talabijin, dutsen guga, injin markaɗe, duk wani abu mai wutsiyar da ake cusawa a bango. Kuma kada in zalunce shi, mutumin yana da hannu. Abin da zai gyaru, in ya shigo da safe, kafin azahar mai shi ya tafi da abinsa yana sa albarka. Matsalar tana ga abin da ba zai gyaru ba.

Mu masu sana'ar hannu kowa da irin cutarsa. Tela da saɓa rana, mai walda da tsawwala kuɗi. Shi kuwa tasa cutar ita ce bakinsa bai iya furta “ba ya gyaruwa” ba. Zai buɗe cikin rediyo ya tarar ya ƙone ƙurmus, har ƙauri na tashi, ya san a ransa ko wanda ya ƙera shi aka kirawo sai dai ya yi wa mai shi jaje. Amma sai ya ɗago kai, ya gyara zaman tabarau, ya ce, “Ɗan abu kaɗan ne. Dawo jibi.” Jibi ta zo, ya ce kayan gyaran ba su iso ba. Wata jibin ya ce wuta ce aka ɗauke. Mai kaya ya yi ta sintiri har ya gaji don kansa, ya je ya sayi sabo. Rediyo kuma ya hau kanta ya zauna cikin 'yan'uwansa.

Ba da cutar aka haife shi ba, ɗauka ya yi. Lokacin yana saurayi yana koyon aiki, wata rana maigidansa ya fita, wani direba ya kawo rediyo. Sai-Jibi ya juya shi, ya girgiza, ya ce da gadara, “Wannan ya mutu, ba ya gyaruwa.” Direba bai yi musu ba. Ya tsallaka titi ya kai wa wani mai gyaran, ashe waya ɗaya ce ta zame. Bawan Allahn nan ya dawo ya tsaya ƙiƙam a ƙofar shagon, ya ƙure muryar rediyo, bai gusa ba sai da aka gama labarai har da hasashen yanayi. Da maigida ya dawo aka ba shi labari, ko zagi bai yi ba. Sauran masu koyon aiki kawai ya kira ya ce, “Ku zo ku gaida likitan da ke binne masu rai.” Tun daga ranar ya yi wa kansa alkawari bakinsa ba zai sake kashe wani abu ba. Ya kuwa cika alkawari, har ya wuce wuri.

Ya buɗe nasa shagon, ya yi aure, aka haifi yara, suka girma, wasu suka bar gida. Kayan kan kanta ba su taɓa raguwa ba. Daga kanta suka sauko ƙasa, daga ƙasa suka hau kan juna har suka taɓo rufi. Fankoki a tsaye a jere, kawunansu a sunkuye. Talabijin irin masu ƙaton ƙeya, waɗanda yanzu ko kyauta ka bayar sai an tambaye ka laifin da aka yi maka. Shi kansa wurin zamansa bai wuce faɗin kujera da ɗan teburi ba, in zai fita sai ya karkace.

A can saman kanta, naɗe cikin leda, akwai wani dutsen guga mai jan hannu. Na matarsa ne. Mahaifiyarta ce ta saya mata lokacin aurensu, ta rasu ba da daɗewa ba, shi ma dutsen bai yi tsawon rai ba, ya daina zafi kafin a yaye 'yarsu ta fari. Ta miƙa masa wata safiya yana shirin fita, ya ce mata abin da yake ce wa kowa. Ta tambaya sau ɗaya, ta tambaya sau biyu, ta daina. Shi kuwa kullum rigarsa a goge take sumul, kari a tsaye, ka rantse ma'aikacin banki ne ya ɓata hanya ya faɗo layin masu gyara. Bai taɓa tambayar da me ake yi masa gugar ba. Irinmu ba ma tambayar abin da amsarsa za ta dawo kanmu.

Ana nan sai labari ya zo cewa ofishin haraji ya turo sabon jami'i, yana bi shago-shago yana duba abin da kowa ke da shi. Layi ya ruɗe. Tela ya tura keken ɗinki biyu gidan ƙanwarsa, ya bar tsohon da ke kuka. Mai walda ya sa rigar da ta fi kowace yagewa. Kafin jami'in ya iso, tela ya leƙo ya ce, “Maƙwabci, don Allah yau dai ka yi talauci. Na rana ɗaya ne.”

Jami'in yaro ne siriri, mai ladabi, da jaka a kafaɗa. Ya yi sallama, ya gaida shi da “Baba”, ya faɗi daga inda yake ba ɓoye-ɓoye. Ya ɗaga kai ya bi tulin kayan da kallo daga ƙasa har rufi, sannan ya ce, “Baba, waɗannan duk lalatattu ne ko?”

Kai, da shi kaɗai ne a wurin, wataƙila da ya gyaɗa kai an wuce. To amma ga tela a bakin ƙofa, ga mai walda, ga mai shayi ya baro tukunyarsa. Kalmar “lalatattu” ta daki Sai-Jibi a ƙahon zuci.

“Lalatattu? A shagona?” Ya miƙe har fanka ɗaya ta jingina da 'yar'uwarta. “Yaro, nan ba maƙabarta ba ce. Babu abin da ya taɓa shigowa shagon nan ya mutu.”

Tela ya fara tari.

“Wato duk masu amfani ne, Baba?”

“Garau. Ka ga talabijin ɗin can? In na ga dama kafin ka kai ƙarshen layi ka ji yana magana.”

Tarin tela ya koma kamar zai shiɗe. Jami'i ya yi rubuce-rubucensa, ya yi godiya, ya wuce. Sai-Jibi ya koma kujera yana jin kansa wani babba, har ya aika aka kawo masa shayi mai madara.

Takarda ta iso bayan 'yan makonni. An cire shi daga sahun masu gyara, an sa shi a sahun dillalan kayan lantarki na hannu, masu tarin haja. An lissafa masa haraji a kan haka, an ɗora tarar shekarun baya. Kuɗin da aka rubuta, ko shagon aka sayar da shi a ciki ba za su kai ba. A ƙasa kuma an ce in wata mai zuwa ya ƙare bai biya ba, za a sa wa shago kwaɗo. Ya karanta, ya goge tabarau, ya sake karantawa, babu abin da ya canja. Tsoro ya kama shi sosai, don ban da wannan kujera da wannan teburi bai san inda zai sa kansa ba a duniya. Ya dubi fankokin nan ya ce, “Kun ga abin da kuka ja mini.” Daga baya ya tuna ba su ne suka yi magana ba.

Washegari ya tafi ofishin haraji da niyyar a yi ta ta ƙare. Ya tsara jawabi tun daga gida, amma zaman benci ya cinye rabinsa, yunwa ta cinye sauran. Da layi ya zo kansa, matar da ke bayan taga ta saurare shi tana danna biro, sannan ta ce hanya biyu ce: ko ya ɗauki lauya a tafi kotu, ko ya nemi a kai maganar ɗakin sasanci, inda ake zaunar da ƙananan 'yan kasuwa da jami'an haraji a daidaita ba tare da shari'a ba, kuma ba a biyan komai. Ya fara gwada lauya, don girma. Da ya ji kuɗin buɗe fayil kawai, sai ya tuna shi tun asali mutum ne mai son zaman lafiya.

Ranar sasanci ya sa rigarsa mafi kyau, wadda matarsa ta goge har tana ƙyalli. Ɗakin ƙarami ne, teburi mai zagaye, kujeru uku, da wata fanka a bango da ba ta motsi. Mai sasancin dattijuwa ce, tabarau rataye a wuya da zare, ga filas ɗin shayi a gefenta. Jami'in ya riga shi zuwa, ya miƙe ya gaishe shi. Sai-Jibi ya amsa a daƙile. Idonsa kuwa ya tafi kan fankar bango.

“Mama, waccan ai ɗan abu kaɗan ne. In aka ba ni ita…”

“Bar ta inda take, Malam,” in ji ta. “Zauna.”

Ta zuba wa kowa shayi, sannan ta ce, “Ni ba alƙali ba ce. Ba na yanke hukunci, ba ni da ikon rage ko sisi, ba ni da ikon ƙarawa. Aikina in zaunar da ku har ku ji juna. In ɗaya yana magana, ɗaya ya yi shiru. Abin da kuka yarda da shi ku biyu, shi za a rubuta. In ba ku yarda ba, kotu tana nan ba ta gudu ba. Malam, fara.”

Ya kuwa fara. Ya kawo tsadar rayuwa, ya kawo ciwon bayansa, ya kawo yadda ake danne talaka tun kafin a haifi jami'in. Ya yi magana har shayinsa ya huce. Abu ɗaya ne bai taɓo ba, shi ne kayan da ke shagon.

Da aka ba jami'i dama, bai ɗaga murya ba. “Baba, ni ban ƙirƙiri komai ba. Na tambaye ka ko lalatattu ne, ka ce garau suke. Duk layin nan kowa kukan talauci ya yi mini, har da wanda na ga sawun keken ɗinki biyu a ƙasan shagonsa. Kai kaɗai ka ce kana da dukiya. Wallahi har na ji daɗi, na ce yau na gamu da mai gaskiya.” Ya juya ga dattijuwar. “Mama, ni ba na son a rufe masa shago, ya haife ni. Amma in na canja abin da na rubuta ba tare da hujja ba, gobe shugabana zai ce an ba ni wani abu. Ni ma aikina nake tsaro.”

Sai-Jibi ya ji wani iri. Ya zo da shirin faɗa da azzalumi, ya tarar da yaron da ke tsoron maigidansa.

“To, Malam,” in ji mai sasanci, “tambaya ɗaya ce. Kayan nan suna aiki ko ba sa aiki?”

“Ai Mama, aiki iri-iri ne.”

“In aka sa su a wuta, za su tashi?”

“Wato… wani yana buƙatar lokaci. Wani kuma yanayinsa ne. Shi kayan lantarki ba a yi masa gaggawa.”

Ta dube shi ta saman tabarau, sannan ta roƙi jami'in ya ɗan ba su wuri. Da ƙofa ta rufe ta ce, “Abin da ka faɗa mini a nan ba zai fita ba sai da izininka. Kalma ɗaya ce tsakaninka da kwaɗon nan. Me zai faru in ka faɗe ta?”

Ya buɗe baki. Wallahi ya yi niyya. Kalmar ta taso har maƙogwaro, sai ya ji muryar rediyon direban nan tana karanto hasashen yanayi. Ya haɗiye ta da shayi mai sanyi. “Mama,” ya ce a hankali, “ni da kaina na san ni wawa ne. Mutum ya kai shekaruna, a ce kalma ta gagare shi. Amma ta gagara.”

Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi masa wa'azi ba. “To ba sai ka faɗa ba. Bari kayan su faɗa da kansu. In ka yarda, in shi ma ya yarda, mu je shagon, ya zaɓi abin da ya ga dama, a sa a wuta a gabanmu.”

Aka kira jami'i ya dawo, ya ji shawarar, ya ce wannan hujja ce da zai iya kai wa shugabansa. Aka sa rana.

Ranar gwaji, layin masu gyara bai yi aiki ba. Tela ya fito da benci, mai shayi ya matso da teburinsa kusa don ya san za a yi ciniki. Aka ba mai sasanci kujerar Sai-Jibi a bakin ƙofa. Shi kuwa yana tsaye riƙe da soket. Shekara talatin da wani abu yana roƙon Allah ya sa kaya su tashi a hannunsa. Yau ga shi yana roƙo a ɓoye kada ko ɗaya ya kuskura ya yi motsi.

Jami'i ya nuna talabijin ɗin nan da aka ce zai yi magana kafin a kai ƙarshen layi. Aka sauko da shi da ƙyar, aka jona. Shiru.

“Allah ya jiƙan rai,” in ji tela.

Aka sa rediyo, ya ce “ɗas”, ƙauri ya tashi. Aka sa injin markaɗe, shi bai motsa ba amma kyankyasai suka fito a guje da iyalansu. Duk wanda ya ƙi tashi, sai Sai-Jibi ya ji sanyi a ransa, ya kuma ji kunya ta lulluɓe shi, don kowane shiru kuɗi ne ke sauka daga kansa, kuma kowane shiru dariya ce ke tashi daga benci. Bai san wanne zai ji da shi ba.

Sai jami'i ya jawo wata fanka daga can cikin lungu, mai tsatsa, ƙafarta ɗaure da waya. Sai-Jibi ya san ta. Ya yi mata duk abin da ya sani shekarun baya, ta ƙi, ya watsar. Ya cusa wayarta a soket ba tare da ko kallonta ba.

Ta yi gurnani. Ta girgiza. Fukafukanta suka juya sau ɗaya a kasalance, suka sake, sai ga ta tana gudu, tana watsa wa jama'a ƙurar shekaru, har mayafin mai sasanci na kaɗawa.

“Na ce muku!” Sai-Jibi ya daka tsalle. “Ban ce muku ba? Ɗan abu kaɗan ne! Wa ya ce ta mutu?”

Wuri ya yi tsit, ba ka jin komai sai fanka. Tela ya dafe kai da hannu biyu. A hankali Sai-Jibi ya sauke hannunsa, ya gane abin da ya aikata. Da akwai wurin ɓuya a shagon da ya shige, to amma ko'ina kaya ne.

Jami'i ya rufe biro. “Kin gani ko, Mama? Ga shi da bakinsa. In wannan ta tashi, ta yaya zan san sauran ba ɗan abu kaɗan ba ne? Mai gyara ne. Yau ya taɓa su, gobe ya sayar. Me zan rubuta?” Ya ɗaga kai, idonsa ya sauka a saman kanta. Ya miƙa hannu ya sauko da ledar nan, ya buɗe, ga dutsen guga mai jan hannu. “Wannan ma har adana shi aka yi. Baba, na sayarwa ne?”

Mai sasanci ta juya ga Sai-Jibi. Kallonsa kawai ta yi, ta jira.

Ya karɓi dutsen. Ya daɗe rabon da ya riƙe shi, ya manta yana da nauyi haka. Ya tuna safiyar da aka miƙo masa shi, da goyo a bayan mai miƙowar. Goyon nan yanzu ita ma tana da nata goyon.

“Na matata ne,” ya ce. “Ƙarfen da ke kawo zafi ne ya ƙone, kuma an daina yin irinsa tun tuni. Tun ranar da na buɗe shi na sani.” Ya juya dutsen a hannu. “Ba ya gyaruwa.”

Rufi bai faɗo ba. Babu direban da ya ɓullo da rediyo. Sai kawai ya ji bakinsa ya ci gaba da kansa. “Wancan talabijin ba ya gyaruwa. Rediyon can ba ya gyaruwa. Waɗannan na jere, duk na gwada, sun fi ƙarfina. Ba nawa ba ne, na mutane ne, na kasa gyarawa kuma na kasa faɗa musu. Ita ma wannan,” ya nuna fankar da ke ta juyi, “wallahi ban san abin da ya tashe ta ba. Ba ni ba ne.”

Ya tsaya yana jiran dariya. Ba ta zo ba. Mai walda ne ya yi gyaran murya ya ce, “To ai mu duk mun sani, maƙwabci.” Wannan ta fi dariyar zafi, amma ya shanye.

Jami'i ya buɗe biro. A nan bakin ƙofa, fanka tana yi musu fifita, mai sasanci ta bi da su magana ɗaya bayan ɗaya, tana tambayar kowa, “Ka yarda da wannan?” kafin ta wuce gaba. Za a mayar da shi sahun masu gyara. Za a janye tara. Amma akwai shekarun da ko harajin mai gyaran bai biya ba, don shi ma mai karɓar harajin ya sha “dawo jibi” har ya gaji. Waɗannan zai biya su kaɗan-kaɗan duk wata. Ya so ya yi gardama, ya ga ba shi da bakin yi. Sharaɗin jami'i ɗaya ne: kayan mutane su koma hannun mutane, wanda ba a ga mai shi ba a ba masu sayen ƙarfe, shi kuma zai dawo ya ga kanta da idonsa. Suka sa hannu. Jami'i ya ce, “Baba, ka yafe ni.” Sai-Jibi ya ce, “Kai ka yafe ni, ni na sa ka aikin banza.”

Rabon kayan ya ɗauke shi makonni. Ya ari baro ya dinga bi gida-gida, yana faɗin kalmar nan a kowace ƙofa har ta zama ba ta yi masa ɗaci sosai. Wasu suka yi dariya har da riƙe ciki. Wasu sun manta sun taɓa mallakar abin. Wata mata ta wanke shi tas, tun daga kansa har sana'arsa, ya tsaya ya saurara don ya san haƙƙinta ne. Wasu sun rasu, 'ya'yansu suka karɓa suna juya abin a hannu. Mai fankar da ta tashi kuwa ya karɓi abarsa, ya ce ba zai biya kuɗin gyara ba tunda an ce ba shi ya gyara ba. Tela bai bar labarin nan ya faɗi ƙasa ba.

Jami'i ya dawo ya ga kanta fayau, ƙofa tana buɗuwa har bango. Kwaɗo bai hau shago ba. Abu ɗaya ya rage a kan teburi, cikin ledarsa. Shi ne ya fi kusa da gida, shi ne kuma ya bari ƙarshe.

Wata rana ya rufe shago da wuri, ya ɗauki ledar, ya isa gida da la'asar. Ya tarar da matarsa a tsakar gida tana kwashe shanya. Ya tsaya riƙe da leda kamar baƙo.

“Maman yara.”

“Sannu da zuwa. Lafiya ka dawo da rana haka?”

Ya miƙa mata. “Dutsenki ne. Ba ya gyaruwa. Tun farko ma bai gyaruwa, na ƙi faɗa miki ne.”

Ta ajiye kayan shanyar a kan igiya, ta goge hannu a zani, ta karɓa. Ta buɗe ledar a hankali. Ta daɗe tana kallonsa.

“Na sani,” ta ce.

“Kin sani?”

“Tun sati na biyu. Kai da kake gyara abu kafin azahar?” Ta shiga ɗaki, ya ji ta jawo wani abu daga ƙarƙashin gado, ta fito da wani dutsen guga, fari, wayarsa naɗe da salatif. “Da wannan nake yi maka. Shi ne na uku. In ka fita nake fito da shi.”

Ya ƙura wa salatif ɗin ido. Ɗaurin ba nasa ba ne. “Wa ya gyara wayar nan?”

“Mai gyaran bakin kasuwa.”

Innalillahi! Yaron da shi ya koya wa riƙon filaya. Sai-Jibi ya dubi rigar da ke jikinsa, kari a tsaye, ya ji dariya da kuka sun taho masa tare. Shekara da shekaru yana taƙama a layi da gugar da abokin hamayyarsa ke raya wa dutsenta.

“Me ya sa ba ki faɗa mini ba?”

“Kai ka faɗa mini?”

Ya zauna a kan turmi. “To in kin sani, me ya sa ba ki ce in bar wahala ba? Ai da na jefar da shi tuntuni.”

Ta ɗago da sauri, idonta ya kawo ruwa. “Jefarwa? Baban yara, ni ba gyara nake jira ba. Shi kaɗai ne abin da ya rage mini daga hannun mahaifiyata. So nake ya dawo gida. Amma na san in na ce ka kawo shi haka nan, kamar na ce ka kasa ne. Shi ya sa na yi shiru.”

Nan ya ji abin ya soke shi, fiye da takardar haraji, fiye da maganar mai walda. Shekara ashirin da wani abu tana kewar abin uwarta, yana can saman kanta cikin ƙura, don kawai kada a taɓa masa girman kai. Ya ce, “Ki yafe mini,” muryar ba ta fita sosai ba, amma ta ji.

Ta kama gefen zaninta ta shiga goge jan hannun, lungu-lungu, har launinsa ya fito. Sannan ta shiga ɗaki ta buɗe kabad ɗin da take ajiye kwanukan da ba a cin abinci da su, ta matsar da biyu, ta zaunar da shi a tsakiya, ta rufe gilashin.

Daga ciki ta ɗaga murya. “Cire rigar nan ka kawo. Yau a gabanka zan goge ta.”